Agogon inji ba ya ƙarya sai waya ta sa shi

Ƴan uwa manoma da makiyaya, in aka ce za a yi zancen jirgin ruwa a ƙasar Agye da Gazawa da Gidan Runji, wani zai ce ina ruwan yake balle jirgi? Yana da gaskiya. Gulbin Maraɗi da damina kawai yake kawowa. Ya bi ta Tsibiri da Gidan Runji ya koma Najeriya, kafin sanyi ya kama sai yashi. Gulbin Kaba kuwa, kaba da goriba sun fi ruwa yawa a cikinsa. Sai ka je tafkin Madarunfa za ka ga masunta cikin kwale-kwale, su ma galibi da hannu suke tuƙi.

Amma samarinmu suna tafiya cin rani, kuma wasu a bakin ruwa suke cinsa. Akwai masu zuwa Gaya, akwai masu zuwa Yawuri. Akwai waɗanda suka san tafkin Cadi tun kafin rikici ya ɓata sana'ar kifi a can cikin 2015. Da aka rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malambil a 2023, mutane da kaya suka koma ƙetare kogin Kwara cikin jirage masu inji.

Akwai kuma dalilin da ya fi wannan kusa da mu. Injin gazuwal da ke cikin babban jirgi ɗan uwan wanda ke ɗakin famfon garinku ne. Batir ke tada su duka. Agogo iri ɗaya ke faɗin lafiyarsu. Sai dai in inji ya mutu a tsakiyar kogi, ba wurin sauka. Shi ya sa maƙeran jirgi suka fi kowa tsananta ƙa'idar ɗaura waya. Abin da suka koya a ruwa zai yi mana amfani a tudu.

Injunan da muka dogara da su

Tun 1994 layin wuta ya taso daga Katsina ya sauka Gazawa. Daga nan ya rabu biyu, reshe ɗaya ya yi Maraɗi, ɗaya ya yi Damagaram. Manyan garuruwan bakin titi sun samu wuta, ƙauyuka da yawa na nesa ba su samu ba. Waɗanda suka samu ma sun ga yadda wutar Najeriya ta yanke daga Agusta 2023 har farkon 2024. A lokacin nan duk mai inji ya san darajar abinsa.

A garuruwa da yawa ruwan sha daga foraji yake fitowa. Inji mai ba da wuta, wanda muke ce wa gurup, shi ke juya famfon da ke can ƙasa. Ruwa ya hau shato, ya sauko cikin famfunan gari da kwamin shayar da dabbobi. Ranar da gurup ya mutu, mata sun koma rijiya mai zurfi ke nan. Makiyayi ya koma ɗaura wa sa ko raƙumi igiyar wasaki. In gyaran mai tsada ne, sai a yi wata da watanni ana karo-karo, dabbobi kuwa ba su san jira ba.

Ga kuma injin niƙa, ga tarakta, ga manyan injunan ban ruwa a fadama. Ƙananan da ake tadawa da igiya ko da hannu ba su da wata waya mai yawa. Zancenmu a kan masu makulli ne da batir da allo.

Abin da allo ke faɗi

Allon nan makanikai na ce masa tabulo. Shi ne bakin inji, ta nan yake magana da mai shi. Akwai jar fitila mai hoton buta tana ɗigo. Wannan ta baƙin mai ce. In ta kama inji yana aiki, mai ba ya zagayawa, ƙarfe na cin ƙarfe. A kashe nan take, don cikin mintoci kaɗan inji yake bugawa. Akwai agogon zafi mai allura. Inji mai lafiya yakan tsaya tsakanin 80 da 90, in ya kusa 100 ruwansa zai tafasa. Akwai fitila mai hoton batir, ita ke faɗin ko dinamo yana caji. Wasu alluna suna da agogon awa, mai ƙirga awowin da inji ya yi yana aiki. Da shi ake sanin lokacin juye mai. Injuna da yawa awa 250 ne, amma a duba littafin da ya zo da naku.

Agogo ba ya ganin cikin inji da kansa. Yana da ɗan aike. Wani ɗan ƙarfe ne da ake murɗawa a jikin inji kamar noti, waya ɗaya ta fito daga kansa. A nan mu kira shi ɗan saƙo. Na mai daban, na zafi daban. Waya ita ce hanyar da saƙo ke bi ya isa allo.

Kamfani yakan ɗaura allo a jikin inji ko kusa da shi, da gajerun wayoyi. To amma mutum ba ya iya zama nan kullum. Manyan jiragen kogin Kwara, irin masu ɗaukar kaya tsakanin Mopti da Tumbuktu a ƙasar Mali, wasu sun kai mita 20 ko fiye. Inji yana can baya, matuƙi sau da yawa yana nesa da shi. Mu ma haka ne. Ɗakin gurup zafi da ƙara, mai gadi ya fi son inuwar waje. Mai niƙa yakan sa inji bayan bango don hayaƙi kada ya shiga gari. Sai a ce a ciro allon a kawo shi inda ido zai gan shi. Shawara ce mai kyau. Allon da ba mai kallonsa, da shi da babu duk ɗaya. Amma wajen ƙara wa wayoyin nan tsawo ne ake yin ɓarna.

Waya kamar tiyo take

Duk mai lambu ya san wannan. Ka haɗa siririn tiyo a bakin injin ban ruwa, ka ja shi har ƙarshen lambu. A bakin inji ruwa na da ƙarfi, a ƙarshe sai ya riƙa zuba kamar na buta. In kana son ƙarfi ya isa can, sai ka sa tiyo mai faɗi.

Haka wuta take cikin waya. Ƙarfin turinta shi ake aunawa da bolt. Yawan wadda ke gudu shi ake aunawa da amfa. Batir ɗin inji bolt 12 ne kawai, ba shi da rarar da zai zubar a hanya.

Masu sayar da waya suna kiranta da lamba: 1.5, 2.5, 4, 6, 10. Lambar kaurin jan ƙarfen da ke ciki ce, ban da robar bayan. Ga lissafi. A ce an kai allo mita 10 daga inji. Wuta za ta je ta dawo, tafiyar mita 20 ke nan. A ce kayan da ke allon, fitilu da oda da sauransu, suna jan amfa 10. In an sa waya mai lamba 1.5, bolt 2.3 zai salwanta a hanya, abin da zai isa bai kai bolt 10 ba. In an sa mai lamba 4, asarar ba ta kai bolt 1 ba. In an sa mai lamba 10, asarar kusan sulusin bolt ce. Wutar da ta salwanta ba ɓacewa take ba, zafi take zama a jikin waya.

A Amurka akwai ƙungiyar da ke tsara ƙa'idar ƙera jiragen ruwa, sunanta ABYC. Ita ta ce kayan da rai ya dogara da su, kamar fitilun tafiyar dare, kada asarar ta wuce kashi 3 cikin 100. Sauran kaya an yarda har kashi 10. Abin riƙewa mai sauƙi ne: in ka ninka tsawon waya, ninka kaurinta.

Akwai wayar da ba a ƙara wa tsawo ko kaɗan. Ita ce ƙatuwar nan mai kaurin yatsa da ta tashi daga batir zuwa sitata, abin da ke murza inji ya tashi. Sitata na jan amfa ɗaruruwa. Batir ya zauna kusa da inji, ƙananan wayoyi kawai za su yi tafiya. In an murɗa makulli daga nesa aka ji ƙas-ƙas inji bai juya ba, kada a yi saurin zargin batir. Sau da yawa doguwar wayar makulli ce ta cinye ƙarfin. Maganinsa ɗan akwatin nan da ake kira rile, ana samunsa wurin masu kayan mota. A ɗaura shi kusa da sitata. Doguwar waya ta kai masa umarni kawai, shi kuma ya ɗebo wuta daga batir da ke gefensa.

Makaniken mota yana da wata al'ada da ya kamata a lura da ita. A mota waya ɗaya ake ja, wuta ta dawo ta jikin ƙarfen motar. Wannan hanyar dawowa ita suke ce wa mas. Jirgin katako ba shi da jikin ƙarfe. Bangon ƙasa ma ba shi da shi. Saboda haka dole a ja waya ta musamman daga allo ta koma jikin inji, kaurinta daidai da mai kawo wuta. Ko jirgin ƙarfe ne ba a sa wuta ta bi jikinsa, don tana cin ƙarfe a cikin ruwa. In mas ya yi rauni, duk agogunan allo sai su rikice tare. Ka kunna fitila, allurar zafi ta motsa. Da ka ga haka, mas za ka fara dubawa.

Yadda allo ke yin ƙarya

Nan ne babbar magana, ku karanta a hankali.

Ɗan saƙon mai aikinsa ɗaya ne. In babu turin mai, sai ya haɗa wayarsa da jikin inji, jar fitila ta kama. In mai ya fara zagayawa, sai ya raba su, fitila ta mutu. To, a ce ɓera ya yanke wayar nan, ko mahaɗin da aka yi ya kwance. Fitila ba za ta kama ba har abada. Mai gadi ya leƙa allo, ya ga duhu, ya ce lafiya lau. Waya a yanke da inji mai lafiya, a fuskar allo kamanninsu ɗaya.

Agogon zafi ma haka yake. Ɗan saƙonsa, in inji ya ɗau zafi, yana ƙara buɗe wa wuta hanya, allura ta hau. Mahaɗi mai tsatsa kuwa toshe hanya yake yi. Sai allura ta tsaya ƙasa da gaskiya. Inji yana 105, agogo na nuna 85. A jirgi wannan ya fi haɗari, don inji da ruwan kogi yake sanyaya jikinsa. Kainuwa ko leda ta toshe bakin tiyon da ke zuƙo ruwa, cikin ɗan lokaci inji ya dahu. A tudu kuwa bel ne ke tsinkewa, ko ƙura da ƙaiƙayi su toshe lagireto.

Wasu injuna suna da agogon mai mai allura maimakon fitila. Irin na Turai, in mahaɗi ya yi tsatsa, allurarsa sama take ƙara yi, kamar mai ya ƙoshi. In wayar ta yanke gaba ɗaya sai ta haye can ƙarshe.

Kun gani ke nan. Duk ukun, in waya ta lalace, albishir suke yi. Ba wanda zai ce maka akwai matsala. Da a ce lalacewar waya tana sa fitila ta kama a banza, da da sauƙi, mutum ya kashe inji ya duba. Amma ita kwantar da hankali take yi har a yi asara.

Maganin bai kai kuɗin goro ba. Kowace safiya, murɗa makulli taki ɗaya kawai, kada ka tada inji. Dubi allo. Fitilar mai ta kama, ta batir ta kama. Sannan ka tada, ka ga sun mutu cikin ɗan lokaci. In fitilar mai ba ta kama ba tun farko, kada a tada injin nan sai an gano dalili. Ko ƙwan ne ya ƙone, ko waya ce. Wanda bai san karatu ba ma zai iya wannan. A koya wa duk wanda ke riƙe makulli, har yaron da ake aike ya kunna.

Fitilar batir tana da wani sirri. A dinamo da yawa, ɗan abin da ke bi ta cikin ƙwan nan shi ke farkar da dinamo ya fara caji. In ƙwan ya ƙone, ko aka manta da wayarsa wajen ƙarin tsawo, inji zai yi ta aiki batir na ramewa. Bayan kwana biyu a ce batir ya mutu, a sayi sabo, shi ma ya bi sahu. Ƙananan ƙwayayen zamani masu farin haske, waɗanda ba su cin wuta, galibi ba su isa su farkar da dinamo ba. A bar masa ƙwai irin na da, mai zare a ciki.

In za a sayi sabon agogo, a saye shi tare da ɗan saƙonsa. Na Turai da na Amurka ba su jin yaren juna. Ɗan saƙon mai na Turai, kamar na kamfanin VDO, awonsa daga 10 yake hawa zuwa wajen 180. Na Amurka daga 240 yake saukowa zuwa 33. Ɗaya hawa yake, ɗaya sauka. In aka gauraya su, allura baibai za ta yi. Haka kuma ɗan saƙo ɗaya ba ya ciyar da agogo biyu. Wanda ke son ya bar tsohon allo a ɗakin inji ya ƙara sabo a waje, ya nemi ɗan saƙo na musamman da aka yi don allo biyu. In ba haka ba duka biyun za su yi kuskure. Fitilar mai ita ba ruwanta, ana iya yi mata biyu. Ana ma iya haɗa mata ƴar oda mai ƙara. Ga mai niƙa, wanda idonsa ke kan kwanon mata, odar ta fi fitila amfani.

Wani ƙaramin abu: farin tef ɗin nan na masu gyaran famfo, kada a naɗe ɗan saƙo da shi har ya rufe ƙarfen. Ta jikinsa yake samun mas.

Wayar kasuwa da mahaɗi

Ba duk waya mai jan launi ce jan ƙarfe ba. A kasuwa akwai wadda cikinta sanholo ne, wato farin ƙarfen da ake zuba tukunya da shi, aka shafa mata ja a baya. Ba ta ɗaukar wuta kamar ta gaskiya, kuma da damshi ya taɓa ta sai ta zama gari. Kankare silin da wuƙa. In fari ya fito, bar ta. Ko ka kusa mata ashana: ta ƙarya lanƙwashewa take ta zube, ta gaskiya tana nan tsaye. Wata kuma baƙin ƙarfe ce a ciki, mayen ƙarfe yana kama ta. Wata robar ce mai kauri, silin ciki bai taka kara ya karya ba. A yanka a gani kafin a biya. Araha ba ta ado.

Wayar ginin gida mai sili ɗaya ƙaƙƙarfa ba ta inji ba ce. Inji girgiza yake yi dare da rana, sili ɗaya yakan karye a cikin roba inda ido ba ya gani. A nemi mai silili da yawa, mai laushi. Masu jirgi sun fi son wadda aka shafa wa kuza, silinta fari-fari mai ƙyalli, don ba ta tsatsa da wuri. Kada a rikita ta da ta sanholo: ita in ka kankare ta ja ne a ciki.

Mahaɗi shi ne inda bango ke tsagewa ƙadangare ya shiga. Abin da aka saba, a murɗe waya biyu da yatsa, a naɗe da leda ko robar tayar keke. Yau yana aiki, damina ɗaya ya yi kore. Abin da ya fi, kowace waya ta tafi guda ɗaya daga inji har allo, ba haɗi a tsakani. In dole ne, a sa ɗan bututun ƙarfe na haɗi a matse shi da filaya sosai. A ja da ƙarfi a gani ko zai zare. Sannan a rufe da robar nan mai tsukewa in ta ji wuta. Dalma kaɗai ba ta isa ba, tana sa wurin ya sandare, girgiza ta karya shi a gindi. Kamfanonin injin jirgi sun huta da wannan wahala: suna sayar da damin waya shiryayye mai soket a kowane baki. Injunan Yamaha da yawa masu makulli soket mai baki 10 gare su. In akwai irin wannan na injinku, ya fi yanke-yanke.

A jirgi abokin gaba ruwa ne. Ana bi da waya ta sama, nesa da ƙasan jirgi inda ruwa ke kwanciya. Kafin ta shiga allo a bar mata ɗan lanƙwasa ƙasa, don ɗigo ya sauka a nan. Mu namu abokan gaba sun fi yawa: ɓera, gara, akuya, ƙura, da zafin bazara mai busar da roba har ta tsattsage. A zura wayoyin cikin tiyo ko fayif ɗin roba, a ɗaure shi a bango bisa inda akuya ba ta kai. A nisanta shi da salansa da bel. Kusa da inji a bar ɗan sako-sako, kada a ja ta tamau kamar tsarkiya.

Waya bakwai ko takwas ne za su tafi tare, kuma da wuya a samu kowace da launinta. To, a rubuta lamba a ɗan tef a liƙa wa kowace, baki biyu. A zana su cikin littafin kwamitin ruwa: 1 mai, 2 zafi, 3 caji, har ƙarshe. A yi ta ɗaya bayan ɗaya, kada a yanke duka lokaci guda. Makaniken da ya yi aikin ba lalle shi zai zo baɗi ba.

Fis da batir

Batir ƙarami ne a ido, amma in jar waya ta goge ta taɓa ƙarfe, yana iya mai da ita garwashi. Doguwar waya kuwa wurin gogewa ya ƙaru. Fis shi ne mai gadin waya, yana ƙonewa don ita ta tsira. Wurinsa kusa da batir. Ƙa'idar ABYC ta ce kada ya wuce inci 7, wajen taƙi ɗaya ke nan. Fis ɗin da aka sa can jikin allo bai tsare mita 10 da ke bayansa ba. Waya mai lamba 1.5 kada fis ɗinta ya wuce amfa 15, mai 2.5 kuma amfa 20.

In fis ya ƙone, dalili gare shi. Masu cusa ƙusa ko takardar kwalin taba a gurbinsa, ɗakin suke sa wa wuta da hannunsu. Haka masu gurup na zamani mai kashe kansa in mai ya yi ƙasa ko zafi ya yi yawa. Ya kashe sau biyu, sai wani gwani ya zo ya tsallake wayar don ruwa ya samu yau. Ruwan zai samu, na kwana nawa ne ba a sani ba.

Kafin a taɓa kowace waya, a cire kan batir mai alamar ragi. In an gama, shi ne na ƙarshen mayarwa. Batir mai caji yana fitar da iska mai kama wuta, ban da taba ko ashana kusa da shi. A jirgi mai shan esansi abin ya fi muni, don tururin esansi ya fi iska nauyi, ƙasan jirgi yake kwanciya yana jiran tartsatsi. A shafa wa kawunan batir man basilin bayan an ɗaure su.

Akwai wata ɗabi'a da ta yaɗu: a tada inji, a zare batir a kai wani wuri, ko a tada tarakta ko a yi cajin wayar salula. Inji dai zai ci gaba da juyawa, amma dinamo yakan ƙone ta haka. Kuma allo ya mutu, inji na aiki ba mai ganin lafiyarsa.

In allon yana da tsohon agogon amfa, kada a kai shi nesa, don duk wutar caji ta cikinsa take bi. A sa agogon bolt a madadinsa, siririyar waya ta ishe shi. Inji a kashe, batir cikakke yana nuna 12.6. In ya nuna 12.2 ya yi rabi. Inji na aiki, a ga tsakanin 13.5 da 14.5. In ya haura 15, dinamo na dafa batir. Manyan injuna masu batir biyu, bolt 24, sai a ninka lambobin.

Duk wannan zance na ɓangaren batir ne. Ɓangaren da gurup ke fitar da wuta mai bolt 220 ko 380 zuwa famfo kisa yake yi. Haka wayoyin farantan hasken rana da ake sa wa foraji yanzu, in an jera su da yawa suna kai bolt ɗaruruwa muddin rana na sama. Wannan aikin wanda ya koyi lantarki ne.

Kafin a biya makanike

Kwamiti ya tsaya a gwada aiki a gabansa. A murɗa makulli taki ɗaya, a ga fitilu. A ciro wayar ɗan saƙon zafi, a taɓa ta a jikin inji na ƙiftawar ido. Allura ta tashi ta yi sama. In ba ta motsa ba, saƙo ba ya isa. Wanda ke son tabbaci ya kwance ɗan saƙon, ya ɗaura masa wayar mas, ya tsoma gindinsa cikin ruwan da ke tafasa. Agogo ya nuna kusa da 100. Sannan a tada inji, a kunna duk abin da ke allon, a bar shi rabin awa. A bi wayoyi da hannu, nesa da bel. Mahaɗin da ya yi ɗumi bai haɗu ba. A karɓi fis biyu ko uku na ajiya da ƙwan fitila, a sa cikin gwangwani kusa da allo.

Na ƙarshen gwaji shi ne kashewa. Injin esansi na bayan jirgi, wayar kashewarsa haɗa wuta da mas take yi. In ta yanke, ka murɗa makulli inji ya ƙi mutuwa. Akwai ƴar igiya ja da matuƙi ke ɗaurawa a hannu, in ya faɗa ruwa ta fizge inji ya tsaya. A gwada ta tun jirgi na bakin gaɓa. Injin gazuwal kuma, wasu in wuta ta yanke mutuwa suke yi, wasu sai an ba su wuta suke mutuwa. Ku tambayi makanike naku wane iri ne. Ya nuna muku ɗan hannun da ke jikin famfon gazuwal wanda ake ja a kashe inji ba tare da makulli ba, a shafa masa jan fenti. In wata rana inji ya haukace ya ƙi jin wannan ma, a toshe bakin da yake shaƙar iska da faffaɗan katako. Ban da tafin hannu, ban da tsumma, don zuƙe su yake yi.